Taku Uku: Abin da Goge, Kakaki da Alli Suka Koya Mini a Abuja

Ni malamin lissafi ne, ban haɗa komai da makaɗa ba. A gidanmu a Zariya ko fito aka ji yaro yana yi sai an ja masa kunne, balle a ga kayan kiɗa. Shekara 16 ke nan ina koyarwa a wata sakandare a Abuja, ina kwana a Mararaba, kullum da sassafe ina cikin cunkoson Nyanya tare da sauran bayin Allah da albashinsu bai kai su zama cikin gari ba. Abin da ya haɗa ni da kiɗa bai taka kara ya karya ba. An ce ƙungiyar lissafi ta yara ta fito da wani aiki da za a nuna wa iyaye a ƙarshen zango, ni kuma na zaɓi lissafin da ke cikin kiɗa, don a zatona mako biyu ya isa. Na sayi tsohon fiyano na hannu, na saukar da manhajar auna sauti a waya, na ce an gama. Sai da na shekara biyu ina fama.

Mu daidaita kalmomi tukuna. In ka kaɗa tsirkiya ta ba da murya, sannan ka danne ta a tsakiya ka sake kaɗawa, muryar nan dai za ka ji amma ta haura sama, domin karkarwar tsirkiyar ta ninka. Wannan tazara nake kira ninki. Muryoyin da aka jera daga murya zuwa ninkinta su ne tsani, kamar do re mi da ake rerawa a firamare, tazarar da ke tsakanin maƙwabta biyu kuma taku. Wani ɗan Ingila, Alexander Ellis, shi ya yaɗa ma'aunin da ake aiki da shi a 1885: ya raba ninki gida 1200, kowane gida sunansa sent. Ɗalibaina santi suke ce masa, duk ranar da na zaƙe da bayani kuwa sai in ji ana raɗa daga baya cewa Malam ya fara santi.

1. Mudun da ke hannunka ba shi ne mudun duniya ba. A wani biki a Mararaba na fara haɗuwa da Baba mai goge, wani dattijo Bazamfare da yawon kiɗa ya kawo shi gefen Abuja ya zauna. Da aka tsagaita don cin abinci na matsa kusa da shi, na gaishe shi, na roƙe shi ya ja mini muryoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya goga ƙaro a tsagiya, ya gyara zaman jakin a kan fata, ya ja. Allurar manhajar ta yi ta rawa, tana ja tana kore, a murya ta uku kuwa ta kafe a ja. Ni da rawar kai sai na ce, "Baba, wannan ta ukun ta ɗan sauka, a ɗaga ta kaɗan." Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "Malam, ita wayar taka ta taɓa zuwa biki ta ga an tashi rawa?" Yaransa suka tuntsire da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. A ranar na ɗauka gardamar tsofaffi ce kawai. Daga baya na gane manhajar da mudun fiyano take awo, wato ninki a raba shi gida 12 daidai wa daida, kowane taku sent 100. Shi kuwa wannan rabo sulhu ne da mutane suka ƙulla. Wani yariman Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafinsa a 1584, Turai ma ba ta rungume shi gaba ɗaya ba sai bayan ƙarnuka. A cikinsa babu tazara ko ɗaya, ban da ninkin kansa, da ta faɗa daidai inda tsirkiya ke so. Tazarar do zuwa so da kunne ke jin ta zauna daram sent 702 ce, fiyano ya ba ta 700. Ta do zuwa mi 386 ce, fiyano ya ba ta 400, ƙarin sent 14 cur. Ashe da mudun da aka ɗan bubbuga gindinsa na je ina tuhumar mai hatsi. Wanda ya saba awo da tiya a Dawanau ya zo kasuwar Wuse ya tarar da mudu ya san ba a fara rigima sai an tambayi kwanon da ake magana a kai. Ni ban tambaya ba.

2. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da Babbar Sallah na tafi Suleja kallon hawa. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Zazzau na Haɓe daga Zariya, har ya zo ya bar wa sabon babban birni sunansa. Ina tsaye a rana aka busa kakaki, sai kunnena ya kama abin da na sha ji tun ina yaro ban kula ba: muryoyi biyu ne jigon busar, ƙasa da sama, tsallen da ke tsakaninsu kuwa kusan na do zuwa so ne. Dogon bututun da ba shi da ramukan yatsa haka Allah ya yi shi, in ta ƙasa ta yi karkarwa biyu ta sama ta yi uku. Na dawo da murna na sa wa uku-bisa-biyun nan suna tsallen kakaki, na kuma yi wa aji alkawari da bakina cewa in muka yi shi sau 12 za mu dawo daidai inda muka tashi, ninki bakwai a sama. A littafi na gani an zana da'ira mai kyau, na yarda. Muka ninka 1.5 da kanta sau 12, kalkuleta ta ce 129.746. Ninki bakwai kuwa 128 ne. Na goge allo na sake. Na karɓi kalkuletar wani yaro, ko tawa ce ta tsufa. Na sake gogewa, alli ya yi mini fari fat a hannun riga. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai uku ko sau nawa aka ninka ta da uku ba za ta rabu biyu daidai ba, ita kuwa biyu kullum tana rabuwa. Yaya za a yi su haɗu?" A jimla biyu ta kawo hujjar da ni mai digiri ban hango ba. Uku in an ninka ta da kanta sau 12 ta ba da 531441, biyu in an ninka ta da kanta sau 19 ta ba da 524288, ratar da ke tsakani sent 23 da rabi ce, ba ta kai rubu'in taku ɗaya na fiyano ba. Turawa suna jingina ta ga Pythagoras. A Sin, wani masani mai suna Jing Fang ya bi sawunta tun kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura cewa tsalle 53 ya kusa cika ninki 31, amma ko a nan akwai ragowar da ta haura sent uku da rabi. Duk abin da ya biyo baya a labarin nan daga wannan ɗan hakin ya fito.

3. Kafin ka ce ka gano, tambayi waɗanda suka riga ka tashi. Tunda da'irar ta ƙi rufuwa, sai na ce bari mu ga abin da take yi in an ƙyale ta. Muka fita filin makaranta da igiya da alli, muka zana da'ira mai kewayen mita 12, yadda kowace santimita za ta tsaya a madadin sent ɗaya. Yaro ɗaya ya riƙe tef, ya auna mita 7 da santimita 2 a bakin da'irar, a ajiye marfin kwalbar lemo, daga nan a sake auna wani mita 7 da santimita 2, ana ta zagayawa kamar direban da ya ɓace a shataletalen AYA. Bayan kowane marfi sai mu auna gibin da ke tsakanin maƙwabta. Da marfi uku, gibi iri biyu ne: 204 da 498. Da huɗu suka zama iri uku: 204, 294, 498. Da biyar suka koma biyu, 204 sau uku da 294 sau biyu. Da shida, uku kuma: 90, 204, 294. Da bakwai, biyu: 204 sau biyar, 90 sau biyu. Daga takwas har sha ɗaya, uku: 90, 114, 204. A sha biyu suka sake komawa biyu. Ba mu taɓa ganin huɗu ba. Yara suka ce sirrin 702 ne, muka canza tsallen zuwa 333, zuwa 517, zuwa duk lambar da wani ya faɗa da ka, ba huɗu. Sannan duk lokacin da gibin ya zama iri uku, babban cikinsu jimlar sauran biyun ne: 204 da 294 sun ba da 498, 90 da 204 sun ba da 294, 90 da 114 sun ba da 204.

Daren nan ban yi barci ba. Na cika shafi goma sha, har ina hango sunana kusa da na Muhammadu al-Katsinawi, malamin nan da ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741. Da aka tura mu wata bita ta malamai a Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, wajen Kwali, na tafi da littafin a jaka kamar mai ɗauke da zinariya. Lokacin shan shayi na nuna wa wani matashin malami da muka zauna benci ɗaya. Ya duba shafi biyu, ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau. Sai dai an riga ka da shekara sittin da wani abu." Ashe sunanta ma ƙa'idar gibi uku. Hugo Steinhaus na Polan ne ya yi hasashenta, a ƙarshen shekarun 1950 kuma mutum uku suka kafa mata hujja kowa da hanyarsa: Vera Sós da János Surányi na Hangari, da Stanisław Świerczkowski na Polan. Shayin ya ƙi wucewa. Amma a hanyar dawowa, motar tana gangarawa Gwagwalada, na fahimci dalilin abin fiye da yadda na fahimce shi a shafukana. Kowane sabon marfi cikin ɗaya daga manyan gibi yake faɗawa, kuma yanka iri ɗaya yake yi musu. Kamar mai gidan haya ne a unguwarmu da ya ƙudura raba manyan ɗakunansa da bulo, kowanne ya zama matsakaici da ƙarami. Muddin magini bai gama ba, ɗaki iri uku za ka gani a gidan, kuma babban dole ya zama jimlar sauran biyun tunda daga jikinsa aka yanke su. Ranar da ya raba na ƙarshe, gida ya koma iri biyu, sai kuma mai gida ya fara kallon matsakaitan da ido. Wuraren da magini ke ajiye cebur su ne 5, 7, 12, 17, har zuwa 29, 41 da 53. A nan gashin jikina ya tashi, domin biyar ita ce tsanin da mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya ke hawa, bakwai fararen maɓallan fiyano, 12 fararen da baƙaƙen, 17 kuwa ita ce rabon da Safiyuddin al-Urmawi ya tsara a Bagadaza cikin Kitab al-Adwar, kafin rasuwarsa a 1294: taku 12 na sent 90 da biyar na ɗan hakin nan. Erv Wilson na Amurka ya yi bayanin waɗannan matsaya a 1975, Norman Carey da David Clampitt suka shimfiɗa lissafinsu a 1989. Ni dai na zo a makare, amma da ƙafata na zo.

4. Kama da wane ba ta wane. Sabon ilimi yana da giya. Na dawo ina ganin ƙa'idar gibi uku a ko'ina, har na rubuta da manyan baƙaƙe a kwalin da za mu kafa ranar nuni cewa duk tsanin da ke da taku iri uku, babban takunsa jimlar sauran biyun ne. Ana saura kwana huɗu na kawo misali don in burge yara, tsanin do re mi na tsantsar tsirkiya, wanda Batlamus ya bayyana a Iskandariya a ƙarni na biyu, Gioseffo Zarlino kuma ya ɗaukaka shi a Venis a 1558. Karkarwar muryoyinsa takwas tana tafiya ne kamar 24, 27, 30, 32, 36, 40, 45, 48, takunsa kuwa iri uku: babba 204 sau uku, matsakaici 182 sau biyu, ƙarami 112 sau biyu. Ban gama rubutawa ba wani yaro ɗan gaban aji ya ce, "Malam, 182 da 112 ai 294 ne." Na ce ya sake tarawa. Ya sake, 294 ɗin dai. Aji ya yi tsit, irin shirun da ke nufin kowa ya gani. Kuskurena shi ne na manta sharaɗin. Ƙa'idar tana magana ne a kan tsanin da aka haifa da tsalle guda ɗaya ana maimaita shi. Shi wannan iyayensa biyu ne, tsallen uku-bisa-biyu da na biyar-bisa-huɗu, don haka takunsa na uku ba alamar aikin da ba a gama ba ne, a haka ya kammala. Na yage kwalin, na sayi wani da kuɗina. Abin da ya rage mini zafin kunya shi ne kyan da na tarar a cikinsa da na daina neman na wani a jikinsa. Jera takun da haruffa, B babba, M matsakaici, Ƙ ƙarami: B M Ƙ B M B Ƙ. Ka yi taku bibbiyu daga kowace murya, girman da za ka samu iri uku ne kacal, 386, 316, 294. Ka yi taku uku-uku, iri uku ne dai, 498, 520, 590. Duk yadda ka juya shi uku yake ba ka. Sannan ka zaɓi kowane biyu cikin ukun ka ce daga yau girmansu ɗaya, abin da zai fito tsani ne mai taku iri biyu da suka rarrabu cikin tsari, irin na inda magini ya ajiye cebur. Haɗa B da M, ga fararen maɓallan fiyano. Haɗa M da Ƙ, ko B da Ƙ, kowanne ya zauna. Clampitt ya yi digirinsa na uku a kan irin waɗannan tsanuka a 1997. Wannan karon sai da na duba kafin in yi murna.

5. Kayan miya ɗaya, hannu daban. Wannan darasi yara ne suka ba ni shi ina zaune. Na kawo wake uku, gyaɗa biyu, masara biyu, na ce kowane rukuni ya jera su a da'ira ta duk hanyar da za ta yiwu. Lissafi ya ce hanya 210 a layi, in an naɗe layin ya zama zobe su koma 30. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga girman taku bibbiyu da uku-uku. In aka tara wake wuri guda, gyaɗa wuri guda, masara wuri guda, taku bibbiyu kaɗai iri shida yake fitarwa, kunne ba shi da abin riƙewa. Cikin 30 ɗin nan biyu ne rak suka tsaya a kan uku ta kowace fuska, ɗaya tsanin Batlamus, ɗayan kuma shi ne dai in an karanta shi daga ƙarshe zuwa farko. Na yi wata da watanni ina haddace girman taku, ban taɓa tunanin jerin yana da magana ba. Gyaɗar ba ta kai ƙarshen darasi ba, an cinye.

6. Ba a tauna taura biyu. Na gano tsohon fiyanona yana da wurin sauya saiti, sai na mayar da shi kan tsanin Batlamus. Na danna do, mi, so tare, suka narke cikin juna kamar man shanu a tuwo mai zafi, ban taɓa jin fiyanon ya yi irin wannan daɗi ba. Na ce to, ga gaskiya na samo, duniya ce ta ɓata. Sai na danna re da la. Wani gurnani ya fito, muryoyin biyu suna kokawa, ana jin wau-wau a tsakaninsu. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ko dai yaran nan sun zuba wa abin nan ruwa ne?" Babu ruwa. Tazarar re zuwa la a wannan tsani 680 ce maimakon 702, ta gaza da sent 21 da rabi, wato bambancin 81 da 80, wanda kuma shi ne bambancin babban taku da matsakaici. Turawa kerkeci suke kiran irin wannan kuka, da mu ne da kura muka ce. Na kwana uku ina matsar da la sama, sai tsakaninta da fa ya lalace. In gyara can, nan ya ɓalle, kamar bargon da bai kai ba a sanyin Disamba. Masu gyaran kayan kiɗa na Turai sun yi ƙarnuka a kan wannan bargo. Wasu suka haɗe babba da matsakaici suka mai da su 193, daga baya aka daidaita komai a 200 da 100, aka raba kukan kurar ƙanana-ƙanana aka zuba wa kowa nasa don kada a ji shi wuri guda. Shi goge ba ruwansa da wannan ciniki, tunda ba shi da maɓalli, yatsa ne ke matsawa inda waƙa ta nema. Tun shekarun 1990 da fiyano ya mamaye situdiyon Kano muka karɓi sulhun Turai ba tare da an tambaye mu ba. Ba na cikin masu cewa waƙar zamani duk shirme ce, ina da su a waya ina kuma ji a cunkoson Nyanya. Amma kunnen da ya tashi da kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya san akwai wasu lunguna tsakanin maɓalli da maɓalli da aka daina shiga.

7. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya tsaya. Wata asuba ladanin wani masallaci kusa da mu ya ɗauki kiran sallah da irin karin da Larabawa ke kira hijaz. Allah ya tsare ni da kiran wannan kiɗa, amma makaranta da ladanai da kansu sun san sunayen waɗannan karuruwa, kuma kunnen malamin lissafi ba ya zuwa hutu. A mudun fiyano hijaz yana tafiya 100, 300, 100, 200, 100, 200, 200. Taku iri uku, kuma 100 da 200 sun ba da 300. Zuciyata ta yi tsalle, ga ƙa'idata ta dawo. Sai na tuna kwalin da na yage. Da na dawo daga masallaci na zauna na gwada, babu wani tsalle guda da za a maimaita ya haifi wannan jeri, haɗuwar lambobi ce kawai, irin wadda dole ta yawaita in komai ninkin 100 ne. Masu karin ma ba 300 cif suke yi ba, sukan ɗan ɗaga murya ta biyu su ɗan sauke ta uku, babban takun ya tsuke. Ko a babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, masana sun tashi ba su daidaita a kan ma'auni guda ba. Wannan ne karo na farko da na kama kaina kafin yara su kama ni.

8. Mai awo yana cikin abin da yake aunawa. Na koma wurin Baba bayan kusan shekara, wannan karon da goro da sallama irin ta mai neman sani. Ya yarda in naɗi kiɗansa, muka yi tsada. Muka zauna a tabarma a ƙofar ɗakinsa, janareton maƙwabci yana ta ruri, ya ɗan gasa fatar gogen a rana don ta ɗaure, ya ja waƙa guda sau biyar. Na yi sati biyu ina auna muryoyin a kwamfuta, ina neman in san takunsa iri nawa ne. Muryoyi biyar ne, wannan ba gardama. Amma kowane zagaye da nasa awon. In na tattare lambobin zuwa ɗari mafi kusa, sai in ga taku iri biyu, in ce ga tsanin marfi biyar. In na ɗan tsananta, sai na uku ya ɓullo. In na bar su yadda suke, kowane taku da girmansa, babu biyu da suka zo ɗaya. Wata rana da dare na tsinci kaina ina gwada tattarawa iri-iri har sai uku ta fito, saboda uku nake so, na riga na yi mata kwali. Na rufe kwamfutar na fita shan iska.

Da na kai masa labari ya ce, "Malam, ai ba wuri ɗaya nake sa yatsa ba. In zan hau daban, in zan sauko daban. Kuma gogen magana yake yi, in kalmar ta faɗi dole ya bi ta ya faɗi." Ya ja kirarin wani attajiri ba tare da ya buɗe baki ba, yaran da ke wasa a gefe suka faɗi sunan mutumin. A nan na tuna darasin Hausa na aji uku: harshenmu karin sama gare shi da karin ƙasa, sai na uku, faɗau, wanda masana suka ce sama ce da ƙasa suka haɗu a gaɓa ɗaya, shi ya raba kai na jiki da kai da ake nuna mutum. Biyu, da na uku wanda jimlarsu ne. Na ji tsohuwar giyar nan tana taso mini, har na laluba aljihu neman biro. Sai na mayar da hannuna na ɗauki goro.

Ya ga motsin, ya yi dariya. Ya ce, "To yanzu duk wannan wahala, takun nawa iri nawa ka samu?"

Na ce, "Baba, wani lokaci biyu, wani lokaci uku."

Ya sassauta tsagiyar, ya mayar da gogen cikin jakarsa, ya ɗaure bakinta. Ya ce, "To kuɗin uku za ka biya."